Tiyatar gyaran muƙamuƙi

Tiyatar gyaran muƙamuƙi aiki ne da likitocin tiyatar baki da fuska suke yi domin sauya mazaunin muƙamuƙin sama, ko na ƙasa, ko duka biyun, saboda haƙora su haɗu daidai idan an rufe baki. Ana yanka ƙashin ta cikin baki, a matsar da shi gaba ko baya, sama ko ƙasa, sannan a ɗaure shi a sabon wurinsa da ƙananan fallayen ƙarfe da sukurori. Likitoci suna kiran aikin otognatik, sunan da aka haɗa daga kalmomin Girkanci biyu: orthos, wato miƙaƙƙe, da gnathos, wato muƙamuƙi.

Ana yin wannan tiyata ne idan matsalar cizo ta samo asali daga ƙashi, ba daga jerin haƙora kaɗai ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa ita sun riga sun sa wayar haƙori na shekara biyu ko fiye, amma cizon bai gyaru ba, ko kuma ya gyaru na ɗan lokaci ya koma yadda yake. Tiyatar ba ta maye gurbin wayar haƙori. Kusan kullum ana haɗa su ne, kuma jinyar gaba ɗaya takan ɗauki shekara biyu zuwa uku.

Tsarin muƙamuƙi da cizo

Muƙamuƙin sama a manne yake da ƙoƙon kai, ba ya motsi. Shi ne yake ɗauke da haƙoran sama, kuma shi ne ya samar da ganɗa da ƙasan ramin hanci. Muƙamuƙin ƙasa ƙashi ne guda mai kama da kofaton doki, yana motsi a kan gaɓoɓi biyu da suke gaban kunnuwa. A cikinsa akwai wata hanya da jijiyar ji take bi, wadda take ba leɓen ƙasa da haɓa da haƙoran ƙasa ji. Wannan jijiya tana da muhimmanci ƙwarai a maganar haɗarin tiyata.

Baligi yana da haƙora 32 idan sun fito duka. A cizo mai kyau, haƙoran gaba na sama suna ɗan wuce na ƙasa da kimanin milimita 2 zuwa 3, suna kuma rufe kaɗan daga samansu, turame kuma suna shiga juna. Idan muƙamuƙi ɗaya ya fi ɗaya girma sosai, ko ya karkace, haƙoran ba za su haɗu haka ba ko da kowane layi a jere yake.

Ire-iren saɓanin cizo

A shekarar 1899 likitan haƙori ɗan Amurka Edward Angle ya kasa cizo gida uku, bisa yadda turmin farko na sama yake haɗuwa da na ƙasa. Har yanzu ana amfani da wannan rabo.

Rukuni na ɗaya: turame suna haɗuwa daidai, amma haƙora sun cushe, ko sun karkace, ko akwai giɓi tsakaninsu.

Rukuni na biyu: haƙoran ƙasa sun koma baya sosai. Yawanci muƙamuƙin ƙasa ne ya yi ƙanƙanta, haɓa ta shige ciki, haƙoran sama suka yi kamar sun turo.

Rukuni na uku: haƙoran ƙasa sun wuce na sama. Ko dai muƙamuƙin ƙasa ya yi tsawo, ko na sama ya gaza girma, ko duka biyun. An san gidan sarautar Habsburg na Turai da wannan siffa, musamman Sarki Charles na Biyu na Sifen, wanda ya rasu a 1700.

Bayan waɗannan akwai buɗaɗɗen cizo, inda turame suke haɗuwa amma haƙoran gaba ba sa taɓa juna. Da cizo mai zurfi, inda haƙoran ƙasa suke kaiwa ga ganɗa. Da cizon saɓani, inda muƙamuƙin sama ya yi ƙunci har turamen sama suke faɗawa cikin na ƙasa. Da karkacewar fuska, inda gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Akwai kuma doguwar fuska, wadda muƙamuƙin sama yake sauka ƙasa da yawa har dasashi ya bayyana sosai idan an yi murmushi, leɓɓa kuma ba sa haɗuwa sai da ƙoƙari.

Wushirya ba ta cikin matsalolin ƙashi. Giɓi ne tsakanin haƙoran gaba biyu, kuma a ƙasar Hausa da wasu sassan Afirka ta Yamma ana ɗaukarta a matsayin ado.

Abubuwan da suke haddasa shi

Gado shi ne babban dalili, musamman a rukuni na uku, wanda akan gani a iyali ɗaya daga kakanni zuwa jikoki. Sauran dalilan sun haɗa da:

Tsagewar leɓe da ganɗa tun haihuwa. Tabon ɗinkin da aka yi a yarinta yakan rage girman muƙamuƙin sama.

Karaya ko ciwo a gaɓar muƙamuƙi tun yaro yana ƙarami. Gaɓar tana iya maƙalewa, gefen da abin ya shafa kuma ya daina girma yadda ya kamata.

Tsotson yatsa da ya wuce lokacin fitowar haƙoran dindindin, da tura harshe tsakanin haƙora. Waɗannan sukan kawo buɗaɗɗen cizo.

Yawan sinadarin girma a jikin baligi, wanda yake sa muƙamuƙin ƙasa ya ci gaba da tsawo.

Zaizayewar kan muƙamuƙi a cikin gaɓa, wadda ta fi samun 'yan mata da mata masu ƙarancin shekaru. Haɓa takan riƙa komawa baya a hankali, cizon gaba kuma ya buɗe.

Dalilin da wayar haƙori take gazawa

Wayar haƙori haƙora take motsawa a cikin ƙashi. Ba ta ƙara wa ƙashin baligi tsawo, ba ta kuma rage shi. A jikin yaro mai tasowa ana iya amfani da wasu na'urori a karkata girman muƙamuƙi kaɗan, amma da zarar girma ya tsaya wannan dama ta wuce.

Haƙori kuma yana da iyakar tafiyar da zai yi kafin saiwarsa ta fita daga ƙashin da yake riƙe da ita. Likitocin Amurka William Proffit da James Ackerman sun zana wannan iyaka. A ƙiyasinsu, waya kaɗai tana iya mayar da haƙoran gaba na sama baya da kimanin milimita 7, ko ta turo su gaba da milimita 2. Na ƙasa kuma ana iya turo su gaba da kimanin milimita 5, ko a mayar da su baya da milimita 3. Alƙaluman jagora ne kawai, domin kaurin ƙashi da dasashi ya bambanta tsakanin mutane, amma suna nuna cewa tazarar da ta kai santimita guda ko fiye tana da wuyar rufuwa da waya kaɗai.

Idan saɓanin ƙashi bai yi yawa ba, likita yana iya ɓoye shi ta hanyar karkata haƙora, wani lokaci bayan cire ƙananan turame domin a sami wuri. Ana kiran wannan gyaran ɓoyewa. Yana aiki ga mutane da dama. Idan aka matsa shi fiye da iyakarsa, sai a ga dasashi ya ja baya, saiwoyi sun gajarta, haƙora sun kwanta fiye da kima, cizon kuma bai zauna ba.

Ba kowace gazawa ce take nufin ana buƙatar tiyata ba. Likitoci sukan bambance dalilai kamar haka:

Rashin sa mariƙin haƙora bayan cire waya. Haƙora sukan koma wurinsu na da idan ba a riƙe su ba. Wannan matsalar haƙora ce, kuma sake sa waya yakan wadatar.

Girman da ya zo a makare. Muƙamuƙin ƙasa shi ne ƙashin fuska da yake daɗewa yana girma, musamman ga maza. Yaron da aka gyara wa cizo yana ɗan shekara 13 yana iya ganin haƙoran ƙasa sun sake wuce na sama yana ɗan shekara 19.

Saɓanin da tun farko ya fi ƙarfin waya, amma aka gwada ɓoye shi, ko dai don majinyaci ko iyayensa ba su yarda da tiyata ba a lokacin, ko don ba a gano girman matsalar ba.

Ɗabi'ar da ba ta gushe ba, kamar tura harshe, wadda take sake buɗe cizo.

Cutar gaɓar muƙamuƙi da take ci gaba da sauya ƙashi. A nan sai an tabbatar ta lafa kafin a yi maganar tiyata, in ba haka ba sakamakon ba zai ɗore ba.

Wanda ya dace a yi wa

Ana duba tiyata idan saɓanin yana hana cizon abinci da haƙoran gaba ko tauna, idan haƙora suna cinye juna ko suna ji wa dasashi ciwo, idan leɓɓa ba sa rufuwa, idan numfashi yana ɗaukewa a barci saboda ƙanƙantar muƙamuƙi, ko kuma idan siffar fuska tana damun mutum har tana shafar zamansa da jama'a.

Sharaɗi na farko shi ne girman ƙashi ya tsaya. Wannan yakan kasance tsakanin shekara 14 zuwa 16 ga mata, da 17 zuwa 21 ga maza. Likitoci sukan tabbatar da hakan ta kwatanta hotunan kai biyu da aka ɗauka da tazarar wata shida zuwa shekara. Babu iyakar shekaru ta sama muddin mutum yana da lafiya, sai dai jijiyar ji ta fi saurin farfaɗowa ga masu ƙarancin shekaru.

Dole haƙora da dasashi su kasance lafiyayyu. Shan taba yana rage gudun jini zuwa ƙashin da aka yanka, shi ya sa ake neman a daina tun kafin aiki. Ciwon sukari da ba a shawo kansa ba, da cututtukan da suke hana jini daskarewa, suna ƙara haɗari. Ana kuma tattauna abin da majinyaci yake tsammani. Mutumin da yake fama da tsananin damuwa kan wani aibi a jikinsa wanda wasu da ƙyar suke gani yakan ƙi gamsuwa ko da aikin ya yi kyau, don haka a wasu asibitoci masanin halayyar ɗan Adam yana cikin tawagar.

Bincike da tsara aiki

Likitan jera haƙora da likitan tiyata suna duba majinyaci tare. Ana ɗaukar hotunan fuska daga gaba da gefe, da hoton ƙashi na dukkan haƙora, da hoton kai daga gefe wanda ake auna kusurwoyi a kansa. Wannan hanyar awo ta samo asali a 1931, lokacin da Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus suka gabatar da ita, kowa a nasa ɓangaren. Ɗaya daga cikin kusurwoyin da ake aunawa ita ce ANB, wadda take nuna tazarar muƙamuƙin sama da na ƙasa. A yawancin mutane takan kai kimanin digiri 2. Idan ta haura 4 tana nuni ga rukuni na biyu, idan ta gaza sifili tana nuni ga rukuni na uku. Ma'aunan farko an samo su ne daga Turawa, don haka ana la'akari da bambancin siffar fuska tsakanin al'ummomi. Misali, ɗan turowar haƙoran sama da na ƙasa tare abu ne da aka saba gani a tsakanin 'yan Afirka, kuma shi kaɗai ba cuta ba ne.

Ga wanda ya taɓa sa waya, ana ƙara duba tsawon saiwoyi, da kaurin ƙashin da ya rage a gaban haƙora, da haƙoran da aka riga aka cire. Tsofaffin hotuna da bayanan jinyar farko suna da amfani, domin su ne suke nuna ko ƙashi ne ya sauya ko haƙora.

A da ana gwada aikin a kan sifar haƙora ta filasta, a yanka ta a matsar. Yanzu asibitoci da yawa suna amfani da hoton CT, a tsara yankan a kwamfuta, sannan a buga wani siririn faifan roba wanda haƙoran sama da na ƙasa za su shiga a ɗakin tiyata, ya nuna wa likita daidai inda zai ajiye ƙashin.

Waya kafin tiyata

Mafi yawan majinyata suna sa waya na wata 12 zuwa 18 kafin aiki. Manufar ita ce a mayar da kowane haƙori ya tsaya daidai a kan ƙashinsa. Jiki da kansa yakan karkata haƙora domin rage saɓanin ƙashi, kuma gyaran ɓoyewa yana ƙara wannan karkata. Sai an warware ta kafin likitan tiyata ya sami tazarar da zai matsar da muƙamuƙi.

Saboda haka cizon yana ƙara muni a wannan lokaci, fuskar ma takan nuna matsalar fiye da da. Wannan yana cikin tsari. Amma yana nufin wanda ya fara wannan mataki sannan ya fasa tiyata zai iya ƙarewa da cizon da ya fi na farko lalacewa, shi ya sa ake son a yanke shawara tun kafin a ɗaura waya. Ga wanda aka taɓa cire wa haƙora, matakin yakan fi tsawo, wani lokaci har sai an sake buɗe giɓin da aka rufe.

Akan cire turamen ƙarshe na ƙasa watanni kafin aiki, domin suna kan layin da za a tsaga ƙashi. Akwai kuma tsarin fara tiyata kafin waya, wanda ya yaɗu daga Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan bayan shekarar 2009. Yana rage tsawon jinya, amma ya fi dacewa da waɗanda haƙoransu ba su karkace sosai ba.

Nau'o'in tiyata

Ana yin aikin ne bayan an sa majinyaci barci gaba ɗaya, bututun numfashi kuma ta hanci ake zura shi domin baki ya kasance a sake. Yankan ta cikin baki ne, don haka ba a cika samun tabo a fuska ba. Muƙamuƙi ɗaya yakan ɗauki awa ɗaya zuwa uku, biyu kuma awa uku zuwa biyar.

Tiyatar Le Fort ta ɗaya. Ana yanka muƙamuƙin sama a kwance, sama da saiwoyin haƙora, a raba shi da sauran ƙashin fuska yana rataye da naman ganɗa da yake kawo masa jini. Daga nan ana iya tura shi gaba, a ɗaga shi, a sauke shi, ko a raba shi gida biyu ko uku domin faɗaɗawa.

Tsaga muƙamuƙin ƙasa a tsaye. Ana tsaga ƙashin a gefe biyu bayan turame, ta yadda zai rabu falle biyu masu zamewa a kan juna. Ɓangaren da yake ɗauke da haƙora sai a ja shi gaba ko a mayar da shi baya, ɓangaren gaɓa kuma ya zauna a wurinsa. Faɗin wurin da fallayen suke haɗuwa yana sa ƙashin ya warke da kyau.

Gyaran haɓa. Ana yanka ƙasan haɓa a matsar da shi. Ba ya sauya cizo, siffar fuska da rufuwar leɓɓa yake gyarawa.

Faɗaɗa ganɗa da taimakon tiyata. Ga baligin da muƙamuƙinsa na sama ya yi ƙunci sosai, ana sassauta ƙashin, sannan a riƙa juya wata na'ura a baki kullum har ya buɗe.

Jan ƙashi a hankali. Ana yanka ƙashi a saka na'urar da take raba shi kimanin milimita 1 a rana, sabon ƙashi yana cike giɓin. An fi yin wannan ga yara da waɗanda suke buƙatar tafiya mai nisa.

Jinya bayan tiyata

Majinyaci yakan kwana biyu zuwa huɗu a asibiti. Kumburi yana kaiwa maƙura a rana ta biyu ko ta uku, mafi yawansa kuma yana sauka cikin makonni kaɗan, saura kaɗan yakan ɗauki watanni. Zafin sau da yawa bai kai yadda ake zato ba saboda wurin ya yi mijirya. Abin da ya fi damun mutane a makon farko shi ne toshewar hanci, da dalalar miyau, da wahalar ci da magana.

A da ana ɗaure muƙamuƙai biyu da waya har mako shida. Tun da aka fara amfani da fallayen tayitaniyam, yawanci ƙananan robobi ake sawa domin su jagoranci cizo. Kwanakin farko abinci mai ruwa ake sha, kamar kunu, madara, romo da tacacciyar miya, daga baya a koma mai laushi wanda ba ya buƙatar tauna har kusan mako shida. Raguwar nauyi a wannan lokaci abu ne da aka saba gani. Wanda aka taɓa masa muƙamuƙin sama ana hana shi face majina na wasu makonni.

Yawancin mutane suna komawa makaranta ko aiki bayan mako biyu zuwa huɗu. Ƙashi yana haɗuwa cikin mako shida, yana ƙarasa ƙarfi zuwa mako 12, kuma sai bayan nan ake komawa wasannin da ake karo, kamar ƙwallon ƙafa ko dambe. Waya takan ƙara zama kimanin wata shida ko fiye domin ƙarasa daidaita haƙora, sannan a koma sa mariƙi.

Haɗura

Matsalar da aka fi samu ita ce raguwar ji a leɓen ƙasa da haɓa bayan tsaga muƙamuƙin ƙasa. Kusan kowa yana samun ta a farko. Ga mafi yawa jin yana dawowa cikin watanni, amma ga wasu wani yanki yakan zauna haka har abada. Leɓen yana motsi yadda ya saba, domin jijiyar motsi daban take da ta ji.

Sauran sun haɗa da zubar jini, wanda wani lokaci yakan sa a yi ƙarin jini. Shigar ƙwayoyin cuta a wurin fallayen ƙarfe, har a cire su bayan ƙashi ya warke. Tsagewar ƙashi ta inda ba a nufa ba. Lahani ga saiwar haƙori. Da faɗaɗar hanci ko ɗaguwar kansa bayan tiyatar sama. Abin da ba a cika samu ba shi ne ƙashi ya ƙi haɗuwa, ko wani yanki ya mutu saboda yankewar jini. Akwai kuma haɗarin da yake tattare da kowace allurar barci.

Ciwon gaɓar muƙamuƙi yana iya raguwa bayan aiki, yana iya zama yadda yake, yana kuma iya ƙaruwa. Saboda haka ba a ɗaukar tiyatar a matsayin tabbataccen maganin ciwon gaɓa ko ciwon kai.

Ɗorewar sakamako

Ba duk motsi ne yake ɗorewa daidai ba. A 1996 Proffit da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina sun jera su bisa bibiyar majinyata. Waɗanda suka fi zama su ne ɗaga muƙamuƙin sama, da jan na ƙasa gaba ga mai gajeriyar fuska ko matsakaiciya. Waɗanda suka fi komawa su ne mayar da na ƙasa baya, sauke na sama, da faɗaɗa na sama. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a rukuni na uku ake yawan tura na sama gaba, ko a raba tafiyar tsakanin muƙamuƙai biyu, maimakon a mayar da na ƙasa baya kaɗai.

Furuci da numfashi

Leɓɓa, haƙora, hanƙa da ganɗa gaɓoɓin furuci ne, don haka saɓanin cizo yana iya shafar magana. Buɗaɗɗen cizo ya fi taɓa sautuka irin s, z, sh da ts, domin iska tana kuɓucewa ta giɓin gaba, harshe kuma yana leƙowa. Wanda leɓɓansa ba sa haɗuwa cikin sauƙi yakan sha wahala da b, ɓ da m. Mutane da yawa suna sabawa su sami wata hanyar furta sautin. Bayan tiyata harshe yana buƙatar makonni kafin ya saba da sabon wuri, wasu kuma sai da taimakon masanin gyaran magana. Ga masu tsagaggiyar ganɗa, tura muƙamuƙin sama gaba yana iya nisanta hanɗa da bangon maƙogwaro, iska ta riƙa fita ta hanci, shi ya sa ake gwada maganarsu kafin aiki.

Jan muƙamuƙai biyu gaba da kimanin milimita 10 yana faɗaɗa hanyar iska a bayan harshe. Likitocin Stanford, Robert Riley da Nelson Powell, sun yaɗa amfani da shi tun shekarun 1980 wajen maganin ɗaukewar numfashi a barci. Akasin haka, mayar da muƙamuƙin ƙasa baya da yawa yana iya ƙuntata hanyar.

Wasu hanyoyi

Wanda bai zaɓi tiyata ba yana iya sake sa waya da manufa mai iyaka, a jera haƙora ba tare da an gyara cizon gaba ɗaya ba. Ƙananan sukurori da ake kafawa a ƙashi na ɗan lokaci sun ƙara nisan da waya take iya kai haƙora, har suna rufe wasu buɗaɗɗun cizo ta hanyar tura turame sama. Ana kuma iya gyara siffar haƙora da ciko ko hula. Barin abin yadda yake ma zaɓi ne, domin saɓanin cizo ba ya barazana ga rai a mafi yawan lokuta, kuma aikin ba na gaggawa ba ne. Jin ra'ayin likita na biyu kafin yanke shawara abu ne da aka saba.

Tarihi

Aikin farko da aka rubuta shi ne na Simon Hullihen na garin Wheeling a Amurka, wanda ya wallafa a 1849. Ya yanka gaban muƙamuƙin ƙasa na wata budurwa da tabon ƙuna a wuya ya ja mata ƙashin tun tana yarinya. A 1897 Vilray Blair, tare da shawarar Angle, ya rage tsawon muƙamuƙin ƙasa a St. Louis. A 1901 René Le Fort na Faransa ya bayyana layuka uku da ƙashin fuska yake bi idan ya karye, kuma daga nan tiyatar sama ta sami sunanta. Martin Wassmund na Jamus ya yi amfani da layin farko wajen gyaran cizo a 1927.

Hugo Obwegeser, ɗan Ostiriya, ya fara tsaga muƙamuƙin ƙasa ta cikin baki a 1953 a Graz, ya wallafa tare da Richard Trauner a 1955 da 1957. Dal Pont na Italiya ya inganta hanyar a 1961. Jawabin da Obwegeser ya yi a asibitin soja na Walter Reed a 1966 ya sa aikin ya bazu a Amurka. Gwaje-gwajen William Bell a kan birai, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, sun nuna cewa muƙamuƙin sama yana rayuwa bayan an raba shi muddin naman ganɗa bai yanke ba. Bernd Spiessl ya kawo ɗauri da sukurori a 1974. A 1992 Joseph McCarthy na New York ya yi amfani da dabarar jan ƙashi ta Gavriil Ilizarov na Tarayyar Sobiyet a kan muƙamuƙin yara.

A Najeriya

Sassan tiyatar baki da fuska suna manyan asibitocin koyarwa, ciki har da na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Legas da Ibadan. Yawancin aikinsu ya shafi karayar fuska daga haɗarin hanya, ƙarin muƙamuƙi, tsagewar leɓe da maƙalewar gaɓa. Ƙarancin likitocin jera haƙora, musamman a Arewa, da tsadar jinyar shekaru biyu suna taƙaita yawan masu samun gyaran cizo ta tiyata.

Cututtuka biyu na yankin suna da alaƙa da batun. Cutar noma, wadda take cin naman baki da ƙashin fuskar yara masu tamowa, takan bar muƙamuƙi a maƙale, fuska a karkace. An buɗe asibiti na musamman dominta a Sakkwato a 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan wurare masu zafi da aka yi sakaci da su. Cutar sikila kuma tana iya sa muƙamuƙin sama ya turo saboda faɗaɗar ɓargo. Mai sikila yana buƙatar shiri na musamman tare da likitan jini kafin kowace babbar tiyata, domin ƙarancin iskar oksijin, ƙarancin ruwa a jiki, da rage hawan jini da akan yi a lokacin aikin domin taƙaita zubar jini duk suna iya tayar da ciwon.